Kwalbar da Tsuneo Ya Kawo Mana

Shekara arba'in da ɗaya Tsuneo Oikawa yana barin ƙauyenmu da zarar an yanke shinkafa, ya tafi dafa sake, giyar shinkafa, a gida ɗaya, sai ƙanƙara ta narke ya dawo. Ni ma sana'ata ke nan, a wani gidan. Mutum ne mai taurin kai, ga rowar yabo. Ko Kazuya, ɗan maigidansa, wanda ya tashi a hannunsa, bai taɓa jin madalla daga bakinsa ba.

Da Kazuya ya gaji gidan, sai ya ƙulla harka da masu wani fim ɗin zane, za a fitar da kwalba mai hoton jarumarsu, wata yarinya mai shuɗin gashi. Tsuneo ya yi ta mita. Amma da aka ce za a buga sunansa a bayan kwalbar, sai ya ware tanki guda, ya yi ta lallaɓa shi kamar jariri.

Al'adarmu ce, in mun dawo gida kowa ya kawo kwalbar aikinsa a ɗanɗana, mai ita shi ne na ƙarshe. Tsuneo ya dire tasa a rufe, yadda Kazuya ya miƙa masa ita a tashar jirgi.

"Tsoho, budurwa ka samo mana?" in ji ni.

"Sha ka yi shiru, Genzo. Bana za ka san kai ɗan koyo ne."

Aka buɗe, na kurɓa. Giyar masana'anta ce, irin wadda ake saye a tankar mota, salam, ba rai. Sauran biyar ɗin ma suka kurɓa, kowa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta yi." Ni ma haka na ce, kuma har yau ina jin kunya.

Da ta zo kansa, ko haɗiyewa bai yi ba. A gabanmu ya kira Kazuya a waya.

"Kai, ina tankina?"

"Haba Baba, kada ka ɗaga hankalinka. Taka na ba wani otal a Tokyo. Yaran nan fa ba buɗewa suke yi ba, jerawa suke a ɗaki. Wa zai sani?"

"Mutum bakwai sun sani."

Ya kashe wayar, ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Shi dai yaro ne," ya ce. "Ku da kuka ce ta yi, shekara nawa kuna ce mini haka?"

Bai sake zama da mu ba.