Dutsen da Ba a Kife Ba

Ga ta nan, amma ba ta gizo ba ce. Ku matso ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku.

Ƙasarmu ta rairayi ce. Daga Yekuwa har ka doshi Dungas, in kare ya biyo ka ba za ka sami dutsen jifansa ba, sai dai ka cire takalmi. Saboda haka duk dutsen da ka gani a nan, ka sani wuyan wata mace ne ya kawo shi.

Uwar mijina ce ta gaya mini haka, shekarar da aka kawo ni ƙauyen nan. Ta ce a farkon zamani, tun ba a san sarki ba, ba a san haraji ba, mutanenmu ba su da mazauni. Suna bin damina yadda shanu ke bin ciyawa, su tsinci tsabar daji, su kwana inda rana ta faɗi musu. Maza na gaba da sanduna, mata na baya, kowane ayari da dutsen niƙa guda a kan mace guda. Wata rana mai ɗauke da dutsen ta iso gindin wani gawo, wuyanta ya ƙi, ta sauke. Aka ce ta ɗauka, ta ce ba ta iyawa. Aka ce wata ta karɓe ta, kowace ta dubi ƙasa. To, ba a tafiya a bar dutse, don tsaba ba ta ciyuwa sai an niƙa. Suka kwana, suka sake kwana. Tsabar da ta zube a gefen dutsen ta sha ruwan sama ta tsiro, suka ce bari mu jira ta nuna. Suna cikin jira ƙishi ya sa suka haƙa rijiya, rana ta sa suka kafa bukka, gara ta sa suka ɗora rumbu bisa ƙafafu. Sai wani tsoho ya mutu, suka binne shi nan. Daga ranar tafiya ta ƙare.

"Kin gani," in ji ta, "ba da wayo aka kafa gari ba. Gajiyar mace ɗaya ce."

Ko gaskiya ne ko tatsuniya, Allah ne masani. Abin da na gani da idona shi ne dutsen, a bayan ɗakinta, baƙi, rabinsa cikin ƙasa, cikinsa ya yi zurfi kamar akushi. Ba da shi ake tuwon gida ba, kowace mace da turminta. Amma kowace safiya babbar macen gidanmu takan niƙa jimƙin hatsi a kansa, ta bar garin nan. Tsofaffi suka ce, in da gari a dutse, da gari a ƙasa. Muddin dutsen na kallon sama da farin gari a cikinsa, wurin nan gari ne, ba mai sa hauya a filin gidaje ko a maƙabarta. Ran da mutane suka ga zama ya ƙi, sai su taru su kife shi, wurin ya zama kufai. Kufai kuwa na mai hauya ne, kuma babu gonar da ta kai shi, don toka da takin kakanni duk suna ƙarƙashi. Macen gida in ta niƙa a kansa da yardar tsohuwa, ko sau ɗaya ne, ta gaje shi.

Gonar mijina ma kufai ce, can gabas da ƙauye. Ba a san mutanen da suka zauna wurin ba, ko sunan garinsu ba wanda ya riƙe. In kana noma hauya ba ta hutawa da ƙara. Tsingaro ne mai zanen igiya, da gawayi, da ƙasusuwan awaki, wani lokaci ɗan dutsen wuya ja. Na taɓa tsintar bakin tukunya da shaidar yatsan wadda ta gina ta, na sa babban yatsana ya zauna daidai.

Wata damina ruwa ya yi ƙarfi, ya yanka kwari a tsakiyar gonar. Muka je dubawa, ni da maigida da ƙaninsa. A gefen kwarin muka ga dutsen niƙa, irin namu, ya cinye har ya kusa hujewa, ɗan dutsensa na kwance a ciki kamar an ajiye shi jiya. Yana kallon sama.

Maigida ya dube shi, ya ce, "Ba a kife shi ba."

Ƙaninsa ya ce, "To, yaya, ashe tsakar gidan mutane muke ta ci?"

Muka dawo muka gaya wa tsohuwa. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Garin kansa ya bushe tun ba a haifi kakanku ba. Ku rufe shi, ku ci hatsinku." Na ce, "Inna, me ya hana su kife shi?" Ta ce, "Kifewa aikin mutane da yawa ne. Wadda ta rage ita kaɗai ba ta da ƙarfinsa."

Na ji maganar, na bar ta ta wuce. Ina da goyo, ina da surfe, rijiya cike da mata.

Da ciwon ajalinta ya zo, wata hantsi ta sa aka fito da ita bisa tabarma zuwa gindin dutsen. Ta kama hannuna ta ɗora a kan ɗan dutse, ta ɗora nata a sama, muka tura tare. Ta ce, "Kada ya kwana da yunwa. Kada a kife shi a hannunki." Na ce, "To, Inna." Irin "to" ɗin da ake ce wa suruka in ta ce a miƙo mata ruwa.

Shekaru suka tafi. Rijiya ta fara gudu ƙasa, ana ƙara wa guga igiya, har wata bazara ta rufta. Aka haƙa wata ta ba da laka. Can bakin hanya kuwa aka kafa pampo, aka gina lakwal, makarantar boko ke nan, wani ya kawo injin niƙa. Ba faɗa aka yi ba. Gida gida ake tashi, a ɗaure jinka da tukwane bisa amalanke. Kowa in zai tafi ya zo ya durƙusa ya ce, "Iya, ki riƙe mana gari, iyayenmu na kwance nan." Ni ma nawa na kwance nan, 'ya'yana ƙanana da ƙyanda ta ɗauke, daga baya maigida ya bi su.

Sai gonaki suka fara tahowa. Gonar uba ɗaya ta rabu tsakanin 'ya'ya, ta sake rabuwa tsakanin jikoki, har mutum ya shuka abin da ba zai kai shi sallar layya ba. Jikokin waɗanda suka ce in riƙe musu gari su ne yanzu ke zuwa gaishe ni da bazara, sungumi a kafaɗa. Suna da ladabi, ba mai faɗa mini baƙar magana. Baki na gaishe ni, ido na kan dutse. In sun ga fari a ciki su ce Allah ya ƙara lafiya, su koma su yi shuka har bakin tsohon darni, su tsaya. Ba na jin haushinsu. Na san yadda rumbu yake ƙara in an buga shi babu kome.

Mu biyu muka rage, ni da ƙanin mijina. Idonsa ya yi hazo, bakinsa ne bai tsufa ba. Da ya ji ƙarar dutse da safe sai ya leƙo.

"Matar dutse, an ba maigida kalaci?"

"An ba shi. Shi ko ya ci bai taɓa cewa gishiri ya yi kaɗan ba."

"Yayana ya bar mini gado, dutse ya riga ni."

"Kai da jiya ka gaida turmi ka ce ni ce?"

"Ai shi ya fi ki amsa gaisuwa."

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, yana ɗinki a Magarya. Shi ke aiko mana da ruwa a bido, jarkar roba, bisa amalanke. Ya zo kan kabu-kabu ya ce ya yi mini ɗaki, ga likita kusa. Ya ce, "Inna, in dutsen ne, a ɗora shi a amalanke ku tafi tare." Na ce, "Kai yaron nan, dutse in ya tashi gari ya tashi. Kafin ka kai shi hanya hauya ta shiga kan ubanka." Ya kawo liman ya yi mini magana. Liman ya ce dutse dutse ne, ba ya amfani ba ya cutarwa, na ce na sani, ba sujada nake yi masa ba. Na ce alkawarin fa? Ya ce wadda na yi wa ta tafi inda ba a aika mata saƙo.

Bara hannuwana suka fara ƙi. Sai na durƙusa na haɗa da ƙirji nake turawa, jimƙi ɗaya ya ci mini hantsi. Matar ɗana ta zo da rani ta yi mini kwanaki. Mace ce mai tausayi, haifaffiyar cikin Magarya, ba ta san zancen gadon ba. Wata safiya ta fito ta same ni ina haki a kan dutsen. Ta ɗaura zane, ta durƙusa gefena.

"Inna, kawo in taya ki. Ai jimƙi ɗaya ne."

Ƙanin mijina na zaune jikin darni. Ya ce a hankali, ba da wasa ba, "Ki bar ta, matar yaya. Ki huta."

Na dubi hannunta, cike, da sauran lalle. In na ja nawa baya kawai, shi ke nan. Gobe sai in hau amalanke in tafi in ga jikokina suna dawowa daga lakwal, in sha ruwan da ba a auna mini ba. Zuciyata ta so, ba zan ɓoye ba. Sai na ga dutsen gabas a gefen kwari, da ɗansa kwance a ciki. Yatsunta sun kusa sauka na kama wuyan hannunta.

"Ni ma jimƙi ɗaya aka ce mini. Je ki dubi wuta."

Ta ji ciwo, ta ɗauka raina niƙanta na yi. Sai da mijinta ya zo ɗaukarta ƙanin mijina ya gaya musu zancen gadon. Ta zauna bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

Ran nan na ce wa ɗana, in an kai ni kusa da ubansa, kada masu jana'iza su watse sai sun taru sun kife dutsen, yadda ake yi. Kada a bar shi yana kallon sama babu kowa. Su raba filin gidajen, su roƙi manoma su bar wa maƙabarta shingen aguwa. Ya ce, "To, Inna." Na san nauyin "to", ban ƙara ɗora masa wani abu ba.

Ga yadda aka ƙare. Uwar mijina na kwance yamma da gawo, dutsenta bai kwana da yunwa ba har yau. Ƙanin mijina, 'yarsa ta zo da kaka ta tafi da shi Yekuwa, an ce yana zaune bakin pampo yana tsokanar mata masu ɗibar ruwa, yana ce musu ya bar ni, wai matarsa, da abokin kishinsa dutse. Liman ya rasu. Ɗana na kan keken ɗinkinsa, bidonsa ba ya fashi. Matarsa kan aiko mini da hatsi surfaffe mai laushi, wanda ba ya gardama da hannu. Masu sungumi sun zo bana ma, sun gaishe ni, sun duba, sun tsaya bakin darni.

Ni kuwa ga ni. Ga kunnuwanku, ku tashi, rana ta ɗaga ban niƙa ba.