Wuƙar Rake a Ƙasan Buhu

Ni ban yi boko ba, rake na sani. A wajen Kudan aka haife ni, a fadama na girma. Lokacin da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, takin zamani ya gagare mu, sai na bi motar rake zuwa Kaduna cin rani. Na samu baro ina turawa.

Wani dattijo ɗan Dandamisa da muke kwana rumfa ɗaya, shi ya koya mini gane unguwa. Ya ce kada in dubi gini, in dubi ƙasa. Inda ka ga tuƙar rake da ɓawon gyaɗa a gindin bango, mutane na zama a waje, shiga abinka. Awaki na yawo, shanya na kan igiya, lafiya ce. In ka ga an kife benci, an ɗaure dabbobi, juya tun daga bakin titi.

Sai rigimar addini ta tashi a gari. Kwana uku ba fita. Rakena dami biyu ya fara bushewa, bakinsa ya yi ja. Ran na huɗu da hantsi aka sassauta dokar hana fita. Na ɗora kaya, na sa wuƙa ƙasan buhu kamar kullum, na nufi wata unguwar Kiristoci inda nake da ciniki.

Ba zan yi ƙarya ba, na ga komai. Ba akuya ko ɗaya. Mai faci ya kwashe tayoyinsa. Ƙasa a share fes, ba tuƙa. Na ce wa kaina saboda dokar ne, na ci gaba da turi. Sai da na yi nisa cikin layi na hango samari a kan kwana, riƙe da gorori, sun jera duwatsu a hanya. Juyawa a nan gudu ne, wanda ya gudu kuwa binsa ake yi. Na ga samarin unguwarmu sun yi wa Kiristoci haka.

"Malam, ina zuwa?" in ji babbansu.

"Rake nake sayarwa."

"Yau? Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Kayana ke bushewa."

"Me ke ƙasan buhun nan?"

Wuƙar ta kai kamu guda, kuma da safen na wasa ta. In shi ya ɗaga buhun, ba wanda zai tsaya jin bayani.

Akwai wata tsohuwa mai kunu a layin, ta daɗe a Ikara lokacin mijinta na aikin asibiti, kullum takan saya wa jikokinta rake a wurina. Sai ga ta ta buɗe ƙyaure.

"Ɗan Kudan, sai yau? Yaran nan sun ishe ni. Turo nan."

"Mama, bari mu duba shi tukuna," in ji saurayin.

"Ka duba wa? Wannan da kake roƙonsa gyara kullum? Me ke buhun mai rake in ba wuƙa ba? Da haƙori kake so ya fere? Kai ɗan Kudan, fito da ita, fere mini biyu."

Na zaro ta a hankali, tsininta na kallon ƙasa. Garin ferewa na yanki ɗan yatsa.

"Rake na ce, ba jini ba," in ji ta.

Ɗaya ya yi dariya. Ta riƙa miƙa musu gaɓa-gaɓa, suna sha suna tofar da tuƙa, gororin a hammata. Babban bai karɓa ba, amma ya matsa.

Tana biyana ta rage murya. "Bar wuƙar nan wurina. Akwai soja a bakin gada, su ba su san ka ba. Bi bayan coci. Kada ka yi sauri."

Haka na yi. A gada wani soja ya ɗaga buhun da bakin bindiga, bai ga komai ba, ya zari sanda ɗaya ya ce in wuce.

Da na isa rumfa dattijon ya dubi yatsana, ya dubi baro.

"Ka ga awaki?"

"Ban gani ba, Baba."

Sauran raken da gwiwa na riƙa karya shi, rabi ya lalace. Sai bayan sati biyu na koma karɓar wuƙata. Na tsaya a bakin titi cikin rana, ban shiga ba sai da wata akuya ta fito daga layin tana jan igiya.