Rabin Dutsen Niƙan Tumba

A gidanmu na Gummi, in an gama cin tuwon shinkafa, kakarmu Inna Hajo takan jawo garwashi tsakar gida, mu kewaye ta muna ɗumama ƙafa. Wata rana na tambaye ta rubutun da ke jikin dutsen nan na saman ƙofar zaure. Ta gyara zama.

"Wagga ba tatsuniya ba ta, ku buɗe kunne," in ji ta.

Labarin mahaifiyarta ne, Tumba. Mijinta masunci ya rasu, a shekarar kuma gulbi ya cika ya cinye unguwarsu. Dangin miji suka ce a raba yaran, kowa ya ɗauki ɗaya. Tumba ta ƙi. Ta hau tudu, ta kwaɓa ƙasa, ita da yaranta suka yi ta tubali. Maza masu wucewa fadama suna dariya, wai ginin mace damina ɗaya ta ishe shi.

Abin da ta tsira da shi daga ruwa dutsen niƙa ne, shi ma ya tsage biyu. Da gini ya tashi, ta kai rabi ɗaya wurin wani malami mai sassaƙa, ya zana shekarar Hijira, don a ɗora shi saman ƙofar zaure.

Nan Inna kan ɗaga murya: "Yac ce, 'In sa sunanki?' Tac ce, 'Bar suna, Malam. Sa shekara, su dinga ƙidaya damina!'"

Mu kuwa sai tafi da ihu.

Bayan na girma, ƙanena Sani ya ce zai rushe zauren ya sa bulo. Na roƙe shi ya dakata. Na ɗauki hoton dutsen, na bi tsofaffin gidaje ina neman mai rubutun, har Bukkuyum da Anka. A Anka na tarar da irin wannan rubutun hannun a wani zaure. Mai gidan, tsoho tukuf, jikan malamin ne. Ya daɗe yana duban hoton.

"Gidan matar nan ta Gummi? Shina nan tsaye?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

Ya yi kabbara har maƙwabta suka leƙo. Da na kai wa Sani labari, masu yaɓe ya kira, ba masu bulo ba.

Da ina yaro na ɗauka tarihi sai gidan manya. Ashe namu yana bisa kanmu, kullum muna sunkuyawa mu wuce.