Jatau da Manomin Cikin Ordinatar

Jatau malamin gona ne a Tasawa, mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba. A shekarar 2010, bayan damina ta ƙi, soja kuma suka karɓi mulki, aikin biro, wato ofis, ya yi sanyi, fita ƙauye ta ragu. Sai ya duƙufa kan tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ya sayo a Maraɗi. So yake ya ƙera mutum a cikinta, ya sa shi haƙa ramin rabin wata mai tare ruwan sama, manoma su gani da idonsu.

Ƙera mutumin bai ba shi wuya ba, fitar da hotunan ne jidali. Daƙiƙa guda ta motsi tana cin hoto ashirin da huɗu, kowane hoto kuma sai ordinatar ta yi minti goma tana nishi. Jatau ya zauna, ya miƙe, ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya leƙa. In an ɗauke wuta, hoton da ke kan hanya ya salwanta. In rana ta take, na'urar ta mutu don zafi. Ya cire gajimare daga hotunan, ya cire inuwa, don aiki ya yi sauri.

"Malam, zo ka ci abinci," in ji matarsa Biba. "Ba gudu za ta yi ba."

"Saura hoto ɗari uku."

Wata guda ya ci kafin ya sami rabin minti. Ya goya ordinatar a moto, wato babur, zuwa ƙauyen Kona, ya kunna wa manoma gindin gawo. Wani dattijo, Danda, ya ce a sake. Aka sake.

"Malam, ramin ya yi," ya ce. "Amma wanga mutum bai taɓa noma ba. In ya yi sara goma haka, ƙugunsa ya tafi."

Aka yi dariya, Jatau ya ji kunya, don shi ma alƙalami ya sani. Ya ce, "Baba, gwada mini."

Danda ya ɗauki galma, ya ware ƙafa, ya sara. Jatau ya tsuguna yana zana yadda gwiwa ke lanƙwasa.

Da ya koma gida ya goge aikin watan duka, ya fara daga farko. Kafin ya gama, ruwa ya sauka, mutanen Kona sun riga sun haƙa ramukansu. Duk da haka ya kai musu. Danda ya kalla, ya ce yanzu kam wanga mutum a ba shi gona.