Gadar da Ta Koma Shanya

A daminar da nake aji shida, wata safiyar Litinin, muka wayi gari da jan fenti a jikin turken gadar Baba. Kowa a unguwarmu ta Shamaki ya san ma'anarsa, za a rushe ke nan. Gadar ma ba wata aba ba ce: igiyoyi ne masu kauri da ya sayo a Kasuwar Gombe, ya jera katako a kai, ya ɗaure daga dalbejiyar ƙofar gidanmu zuwa tsallaken kwarin da ruwa ya ci a bayan unguwa. Makarantarmu kuwa tana tsallaken. Baba ya ce in aka yanke ta sai in zauna a gida har kaka, don ba zai bar ni in zagaya ta babban titi ba, balle in shiga kwari. Ga jarrabawar fita a gabana. Na sha kuka ranar.

Baba ya yi ta sintiri ofishin tsara gari neman izini. Aka ce gada sai da zanen injiniya da siminti, amma za a turo mai dubawa kafin a yanke.

Ranar da mutumin ya zo, maƙwabciyarmu Maman Rahila, Batangaliya, ta shanya zannuwanta a igiyar riƙewa ta gadar kamar yadda ta saba, don gidanta ba ya samun rana. Baba kamar ya nutse don kunya. Mai dubawar, wani dattijo Bakano, ya jijjiga igiyoyin, ya taka katakan har tsallake, ya dawo ya ce a sauya waɗanda suka ruɓe, a ƙara raga a gefe. Sannan ya tsura wa zannuwan ido.

"Malam, gada aka turo ni dubawa," in ji shi. "Ni kuwa shanya na gani, kuma ofishinmu ba ruwansa da shanya." Ya juyo wurina. "'Yammata, kada in dawo in tarar ba kaya a kai."

Shi ke nan fa, aiki ya same ni! Kullum kafin makaranta sai na jiƙa tsummoki na shanya, ko ana tsuga ruwa. Wallahi na tsani aikin nan, amma ta kan gadar na bi na rubuta jarrabawata.

Yanzu gadar siminti ce a wurin, dalbejiyar an sare, Baba ya rasu. Masu keke-napep dai har yau in sun iso wurin sai su ce, "Shanya, akwai mai sauka?" Ba su san dalili ba. Ni kuwa duk sanda na ji, sai in ji sanyin jiƙaƙƙen tsumma a hannuna.