Baƙin Man Mijin Ƙanwata

A rana ɗaya muka sayi motocinmu, ni da mijin ƙanwata. A-kori-kura ce tokumbo, wato ta hannu daga waje, iri ɗaya, inji ɗaya, tawa fara, tasa ruwan toka. Ni na kai shi wurin dillali, ni na buɗe bonet na saurari injin, ni na yi cinikin da Yarbanci yana gefe yana murmushi, bai san abin da ake faɗa ba. A Agege aka haife ni, a nan aka haifi babana. Shi kuwa shekararsa biyu da zuwa daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, har lokacin in zai ce "me" sai ya ce "mi". Mutum ne mai sanyin hali, Yaya yake kirana, kuma bai taɓa musa mini magana a gaban mutane ba.

Washegari muka kai motocin juyen mai na farko wurin makanikena, wani dattijon Bayarabe da garejinsa ke bakin layin dogo. Shekara kusan ashirin muna tare da shi. Na zo da galan ɗin baƙin man da na saba, wanda aka rubuta 20W-50 a jikinsa, mai kauri kamar zuma. Na sayo wa surukina irinsa ma. Sai na ga ya sunkuya yana goge murfin da ake zuba mai da gefen rigarsa.

"Yaya, ga wani rubutu nan. Ba irin na galan ɗin ba ne."

Na leƙa, 5W-30 ne a murfin. Makanike ya ce lambar kaurin mai ce, in ta yi ƙasa man tsinkakke ne, in ta yi sama mai kauri ne. Ya ce masu ƙera injin sun fi son tsinkakken, don yana saurin zagaya inji da safe, yana shiga ƙananan ƙofofi.

Na yi dariya na ce, "Wannan na ƙasar ƙanƙara ne. A zafin Ikko kafin ka kai Ogba ya zama ruwa. Zuba mai kaurin kawai."

Surukina ya ce, "Ka yi haƙuri Yaya, ni dai abin da aka rubuta zan bi." Ya tafi ya canjo galan ɗinsa, ga tsada. Na riƙe abin a raina.

Wajen lokacin juye ma muka rabu. Ni sai na zaro geji na shafa a yatsa, in na ga man ya yi baƙi ƙirin ko na ji muryar injin ta sauya, sannan na je. Wani lokaci wata bakwai, wani lokaci ya wuce. In ya ragu in tsaya bakin titi a auna mini na kwalba in ƙara. Shi kuwa duk wata uku yana gareji, har da sabuwar filta. Wata rana a tashar da muke jiran lodi na tambaye shi a gaban direbobi ko amarya ya ajiye ko mota. Aka kwashe da dariya. Da aka lafa ya ce, "Yaya, in muka tsaya awa biyu a gosulo na Iyana Ipaja, mita ba ta motsi, amma ai injin bai huta ba." Wani ya ce lallai Bakatsine ya yi magana. Na kauda kai.

Shekara uku aka yi a haka. Sannu a hankali tawa ta fara ƙara da safe, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai ta yi zafi ta yi shiru. Ta fara ɗigar mai inda duk na ajiye ta. Tasa kuwa in ya tayar, sai ka taɓa bonet kafin ka yarda tana aiki. Gidajenmu a layi ɗaya suke, kullum bayan asuba ina jin lokacin da ya murza makulli, kuma kullum sai na tsaya da shayina a hannu ina jira ko zan ji wata ƙara. Ba na ji.

Akwai wani sito a Ilupeju da nake kwasar musu katon-katon na sabulu. Ni na gabatar da shi a wurin, ranar da lodi ya yi mini yawa. Matar da ke kula da siton ta kira ni wata safiya ta nuna mini tabon mai a simintinsu, ta ce ogansu ba ya so. Daga makon nan shi ake fara kira, ni sai in an samu ragowa. Ya zo har gida ya ce in ban so ba, zai bari. Na ce masa arzikinsa ne, ya je. Bakina ya faɗa, amma ranar ko tuwo ban iya gamawa ba.

Wanda ya fi ci mini rai na gida ne. Za a je suna Ogba, na wanke mota tun safe na jawo ta ƙofar gida don Inna, mahaifiyarmu. Ta fito da mayafinta, ta dubi tawa, ta dubi tasa.

"Bari in shiga ta mijin ƙanwarka. Taka warin ƙonannen mai take sa mini jiri."

Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya. Na bi su a baya, ni da kujeru da kulolin abinci.

Na fara faɗa wa mutane cewa tun farko dillali ya ba shi mai lafiyar, ni ya haɗa ni da gajiyayya. Na san ƙarya nake, don ni na zaɓi farar da kaina bayan na saurari duka biyun. Makanikena ma ya ƙara mini, duk wanda ya kawo mota sai ya ce, "Je ka ga injin surukin Alhajin nan, kamar jiya aka ƙera." A gabana yake faɗa, yana goge hannu.

Daga ƙarshe na je wani shago a Ogba inda ba a san ni ba, na sayi irin man surukina, na sa wani makanike can ya juye mini. Na jefar da galan ɗin kafin in dawo unguwa. Kwana biyun farko injin ya yi laushi, har na riƙa waƙa a tuƙi. Ina cewa a raina, ashe iyakar sirrin ke nan. A mako na biyu na fara ganin shuɗin hayaƙi a madubi. Injin da ya riga ya ci kansa ba ya riƙe tsinkakken mai, ƙone shi yake, ni kuma ban saba duba geji kullum ba. Ranar wata Alhamis, da lodin albasa, a tsakiyar Iyana Ipaja, jar fitila ta kama, na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, motar ta mutu. 'Yan danfo, direbobin bas ɗin haya, suka yi ta zagi ta bayana.

Mutum uku na kira, ban kira surukina ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya gaya masa. Ya iso da igiya, bai tambaye ni komai ba, ya ɗaura ya ja ni. Muka ratsa Agege da rana tsaka, masu shaguna suna ɗaga mini hannu suna sannu.

Da makanikena ya buɗe injin, ciki duk daskararren mai ne kamar kwalta. Ya murza ɗan abin da ya rage a yatsa, ya dube ni, ya sauya harshe zuwa Yarbanci don ya rufa mini asiri. Ya tambaye ni wa ya zuba mini wannan man. Na ce ni ne. Ya ce ba kaurin mai kaɗai ya kashe injin ba, jinkirin juye ne da na kwalba da nake ƙarawa, tsinkakken ya zo ne ya tarar aikin gama ya gama. Na saci kallon surukina. Yana duban layin dogo kamar ba ya ji, amma na san zuwa lokacin yana jin Yarbanci sarai, don na sha jin sa yana ciniki da shi. Har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko ƙanwata bai gaya wa ba.

Kwana tara aka yi ana gyara, aka sa sabbin ringi da metal. Makanike ya ce daga yanzu in bi rubutun murfi, in zo duk wata uku, in daina na bakin titi. Haka nake yi. A kwanakin gyaran nan surukina ya kama zazzaɓi, ya aiko mini da makullinsa ya ce in yi lodin Ilupeju kada motar ta zauna. Na karɓa. Mako guda ina tuƙa ta da rediyo a kashe, ina kasa kunne a kowane gargada da kowace kwana, ina neman aibi. Abin da na samu kawai waifa ce, mai share gilashi ta ɓangaren direba, tana ɗan ƙugi in an yi yayyafi.

Da na mayar masa da makulli na gaya masa. Da muka haɗu a masallaci na sake tuna masa. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya, ban lura ba." Washegari ya canza ta.