Tanki Uku Na Binne

Tankin ƙarfe uku na binne a kamfaninmu na Challawa, ni kuwa ina nan daram. Haka nake faɗa a kowace majalisa a Panshekara, har mai shayinmu ya haddace, yana ƙarasa mini.

Aikinmu dafa dutse ne. Tirela ta kawo shi, a niƙe, a zuba a tanki, a kwarara masa asid don ƙarfen ya rabu da ƙasa. Abin da ya hana mu sakat wani dutse ne mai ruwan shunayya, kyakkyawa kamar alewa, da ke zuwa a cakuɗe. Injiniya ya ce fulorayid ne a cikinsa. Da zarar ya ji asid sai ya haukace, ya cinye bututu, ya huda tanki, ƙarfenmu ya fito da datti, masu saye su dawo da shi. Gilashin taga ma sai da tururin ya mayar da shi fari fat.

Na'urar gwaji ta mutu tun ina sabon shiga, sai hancina ya gaje ta. In leƙa bakin tanki, in ja numfashi, in ce, "Dutsen yau da mugunta, a ƙara farar ƙasa." Ban taɓa kuskure ba, ko ina mura. Takunkumi kuwa a aljihu ya tsufa, mai sansana ai ba ya toshe hanci.

Gwiwa ce ta fara, baya ya biyo. Ruku'u ya gagare ni. Yanzu a kujerar roba nake salla, a gefen sahu, tare da sa'o'in mahaifina. Likita ya ɗaga hoton ƙashina, ya ce tururin da na yi ta shaƙa ya sa ƙasusuwan sun yi kauri sun sandare, kuma ba sa komawa. Na ce ko a yi mini juyen mai? Bai yi dariya ba.

Na lallaba kamfani neman aikin zama, ko gadi ne. Aka ce babu gurbi. A hanyar fita na tarar da tsohon mai waldarmu yana liƙe tanki na huɗu.

Na ce, "Maigida, shi ma a kan idona zai tafi. Uku fa na binne!"

Ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya dubi sandar hannuna.

"Malam, duk wanda ya huje, sabo ake kawowa daga Legas. Ku fa, a wace kasuwa ake sayar da safayarku?"